Filasmar da Amiru Ya Kawo Zaurenmu

Amiru ya ce daga Maraɗi har Shinkafi babu mai talabijin irin wadda ya saya mini. Ya ce sabuwa ce dal cikin kwalinta, ko leda ba a ɓare ba. Ya ce inci arba'in da biyu ce, in mutum ya yi atishawa a cikinta sai ka kauda fuska. A ƙofar gidanmu ya faɗi haka da la'asar, zaune bisa babur, ƙafa guda a ƙasa, ya sha shadda ruwan toka wadda guga ta ci har tana ɗaukar ido. Ni ina tsaye da hijabina mai ruwan zuma, na ce, "To, madalla."

"Madalla kawai?"

"Allah shi sa albarka."

"Saude, filasma fa nic ce miki."

"Na ji. Ba kurma nike ba."

Masu karatu, kada ku ce ba ni son shi. Ina son shi, har haushin kaina nike ji. Amiru mutumin Isa ne, gonarsu na Tozai, shi ke riƙe da uwarshi da ƙannenshi mata tun rasuwar ubansu. Yana da gidan kallon ƙwallo bayan tasha: rumfar kwano, bencina, janareta, da wata babbar talabijin da samarin Isa ke rantsuwa da ita. Bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ranar da zazzaɓi ya kada Inna, shi ya ɗauko mai allura cikin rana tsaka, ya tsaya a waje yana zufa har anka gama. Ciwonshi guda ne: bai taɓa sayen abu na biyu ba. Takalminshi shi ne na farko a jiha. Babur ɗinshi wani Balarabe ya so ya saya ya hana. In ya sha shayi a Isa, to mai shayin har Yamai an san shi.

Ni kuma ga ni nan. Ban ƙare sakandare ba, sauran karatun a waya na yi shi, da ƙamus ɗin da wani malami ya manta a zaurenmu. Ina ɗinkin hula. Shekaruna sun kai inda mata in sun zo barka suke kallona, su kalli Inna, su ɗauki goro.

Shekarar nan kuwa kun san ta. Damana ta yi muna sallama tun ba ta zauna ba. Hatsi ya tsaya iyakar gwiwa ya bushe a tsaye. Gulbi ya koma yashi, jakai na ratsawa ba su jiƙa kofato ba. Fulani na shigowa da shanu ana ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. A gidanmu Inna ta daina aikena ruhewa, rumbunmu na laka, ɗibar hatsi, da kanta take hawa, wai bayana ya sha wahalar ɗinki. Na san dalili. Ba ta son in ga ƙasan.

Don haka da maganar sa rana ta taso, Baba ya kafa sharaɗi guda. Babana Malam Sodangi ba mai yawan magana ba ne, in ya yi guda sai a daɗe ana juya ta. Ya ce, "Shekarag ga ba ni ba da ɗiya ga wanda ya dogara ga gona kaɗai. Yaron ga shina da rumfa, rumfar na kawo abin miya. In dai tana tsaye, ni ban da ja."

Da an tsaya nan, da yanzu ina nan ina zaɓen atamfa. Sai Gwaggo Tani ta iso.

Gwaggo ƙanwar Baba ce, a Sakkwato take aure, kuma ba ta bari ka manta. Ta sauka da leshi ruwan hoda, da jaka mai sarƙa, da ruwan gora nata na kanta don wai na rijiyarmu na sa mata kumburi. Bara ta aurar da ɗiyarta Jamilatu, kuma tun daga bara babu hirar da ba ta ƙarewa a falon Jamilatu. Ko maganar rasuwa ake, sai ta bi ta wata hanya ta fito falon Jamilatu.

Ta zauna bisa darduma, ta buɗe fanka ta hannu ta ce, "Mi yaron zai sa mata a ɗaki? Kun san kayan kallo na ango ne. Mijin Jamilatu hilasma yas sa, manne ga bango. Ɗiyar yayana ba ta shiga ɗaki da mai ƙusumbi."

Mai ƙusumbi ita ce tsohuwar talabijin, mai tudun baya. Irin ta ce a ɗakin Inna, an lulluɓe ta da ƙyalle mai fure, an aza kwanon samira bisa, don rabonmu da wuta har mun daina cigiya.

Inna ta ce, "Tani, shekara ce ta hwari."

"Hwari a gona yake, ba a ɗakin amarya ba. Ni dai sai na gani da idona."

Magana ba ta kwana a garinmu Sabon Birni. Kafin mako ya zagayo ta hau mota ta sauka Isa. Abin da ya kawo Amiru ƙofar gidanmu da shadda ruwan toka ke nan.

Ni kuwa na riga na yi nawa binciken. A garinmu duk talabijin da ba ta da ƙusumbi sunanta filasma, har na Jamilatu ban tabbata ba. Sai da na zauna da waya da ƙamus na gane iri biyu ne, akwai filasma, akwai elsidi, kuma halinsu ba ɗaya ba. Filasma ta fi kyan hoto, wannan ban yi mata ƙarya ba. Baƙinta baƙi ne sosai, gudu ba ya rikita ta, shi ya sa masu ƙwallo ke son ta. Ko daga gefe ka zauna kana gani tas. Amma tana da nauyi kamar buhun shinkafa, tana shan wuta, tana zafi, fuskarta gilashi ce, in rana ta taɓa ta sai ta koma madubi. Kuma tana da riƙo. In hoto guda ya daɗe a wuri guda, sai ya bar mata tabo, ko ka canza tasha yana nan. Elsidi ba ta kai ta kwalliya ba, in ka karkata gefe launin yana kwashewa kamar atamfar da ta sha wanki. Sai dai ba ta da ci. Ƙaramin janareta na ɗaukar ta ba tare da tari ba, ƙaramar ma batir da faifan sola sun ishe ta.

Na faɗi wa Inna duk wannan muna tankaɗe. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Wato guda kyakkyawa ce mai ci, guda ba ta kai ta ba amma tana da haƙuri."

"Haka nan."

"To ai ke kin san wadda maza ka ɗauka."

Bayan Amiru ya tahi ran nan, da magariba na tura mishi saƙo.

"Amiru, ni elsidi ƙarama nike so. Wadda za ni iya ɗauka da hannuna in share bayanta."

Waya ta yi ƙara tun ban aje ba. "Haba gimbiya. Elsidi ta masu shagon caji ce."

"Wa zai sayi man da filasma za ta sha?"

"Mai ba matsala ba ne. Ina da yaro a gidan mai."

"Ɗakin da za ka sa ni kwano ne. Ga bazara. Ka ƙara mini murhu?"

"Za ni sa miki fanka biyu."

"Su ma mai suke sha."

Na gama sallar isha, na ninke hijabi, sai ga saƙonshi: "Gwaggonki ta ce ni ɗan ƙauye ne mai rumfa. An gaya mini. Za ni nuna mata."

Na daɗe ina kallon saƙon nan. Na rubuta, "Ba Gwaggo za ka aura ba," na goge. Na rubuta, "Ina ka sami kuɗin?" na goge, don mace ba ta tambayar saurayi haka. A ƙarshe na tura, "Allah shi kai mu." Ku yi mini hukunci in kun ga dama. Ni ma na yi wa kaina.

Ranar Asabar bayan azahar sai ga mota ƙirar akori-kura ta tsaya a ƙofar gida. Kwalin na tsaye a baya tsakanin katifu biyu, Amiru na zaune kusa da shi ya rungume shi da hannu guda. Wannan karon farar shadda ce, da hula ƙube, hular da ni na ɗinka mishi. Direba ya kama zai kwantar da kwalin, Amiru ya ce, "Kai, tsaye. Ba a kwantar da ita, gilashin na tsagewa." Na ji wannan daga soro na ce a raina, mutumin da ya sayi abu jiya ya san halinshi haka?

Anka share zaure, anka shimfiɗa tabarmi. Baba ya zauna bisa buzunshi da carbi. Gwaggo, da yake ita ce alƙaliya, ta sa anka kawo mata kujerar roba tsakiya. Ni da Inna munka tsaya ga ƙofar ciki, ta gefe, ni a bayanta ina leƙe ta kan kafaɗarta. Na sa atamfata mai ganyen kuka da ɗankwalinta, na ja gazal, ban san don wa ba tunda ba a ce in fito ba.

Amiru ya yanka salatif da reza a hankali, yana bayani. Daga Dubai ta biyo ta Kwatano, ta hau Yamai, ta sauka Maraɗi. Guda uku ne kacal sunka shigo, wani babban ɗan kasuwa ya ɗauki biyu. Ya ciro ta shi da direba suna nishi, sunka aza bisa teburin karatun Baba, teburin ya yi ƙara. Gaskiya ta yi kyau. An goge ta har ba ka son numfashi kusa da ita. Sai dai na ga rimot. An naɗe shi da sabuwar leda, amma ta cikin ledar madannin ƙara sauti ya suɗe, babu ko alamar rubutu a kai.

Na kauda ido.

Anka tada ƙaramin janaretanmu, wanda Kawu Wada ya kawo muna daga Nijar. Amiru ya danna. Janareta ya yi tari, ya yi kamar zai mutu, ya daure. Hoto ya zo, amma hasken ƙofar waje ya faɗa bisa gilashin, abin da munka gani shi ne Gwaggo Tani zaune bisa kujerar roba. Ta dubi kanta da kyau, ta gyara ɗauri.

"Ita ke nan?" in ji Baba.

"A'a Baba, haske ne. Irin wagga ba ta son rana, 'yar gata ce."

Anka rataya tabarma a ƙofar waje, anka cusa tsumma a taga. Zaure ya yi duhu, ya kama zafi. Gwaggo ta buɗe jakarta mai sarƙa ta ciro faifai. Ba sai na gaya muku ba. Faifan bikin Jamilatu ne. Da shi take yawo kamar katin asibiti. Anka sa shi.

To, nan kam filasma ta nuna kanta. Jan leshin ƙawayen amarya kamar ka kai hannu ka taɓa. Baƙin lallen Jamilatu har zanen ganye kana ƙirgawa. Ni da nike can gefe ina gani kamar ina gaba. Inna ta ce, "Ikon Allah, ga Tani can tana cin kaza." Gwaggo ta ce ba ci take ba, dubawa take ko ta dahu. Ta daina kaɗa fanka. Ta juya ta dubi Amiru daga hula har takalmi, ta ce, "Yaro, ashe kana da ido. Wagga ta hi ta Jamilatu girma." Na san abin da maganar nan ta ci mata.

Da kun ga fuskar Amiru. Kamar yaron da anka ce ya yi na ɗaya. Wallahi a lokacin na ji da ma a tsaya nan, a kashe, a maida kwali, kowa ya tahi da farin cikinshi.

Sai munka ji sallama, tabarma ta ɗaga, Kawu Wada ya sunkuyo ya shigo.

Kawu ƙanen Inna ne, yana kai albasa Nijar ya dawo da dabino da taliya. Mutum ne mai son mutane, ba shi da mugunta ko ta ƙwayar gero. Abu biyu ke hana shi barci: farashin albasa da ƙwallo. Ya gaida Baba, ya tsokani Gwaggo da "Hajiyar birni", ya ba Amiru hannu.

"Ango, ashe nan kake. Na biyo ta Isa in kalli wasan yamma, na iske rumfa da kwaɗo. Samari na zaune bisa dakali kamar an yi rasuwa."

Amiru ya yi dariya, ta fito guntuwa. "Gyara muke, Kawu. Kwano ke yoyo."

Kawu ya ɗaga kai ya dubi rufin zaure, kamar zai ga hadari ta ciki. Rabonmu da ɗigon ruwa tun kafin kaka. Ya ce, "To," ya nemi wuri ya zauna.

A faifai an zo wurin ɗaukar hoto. Ango da abokanshi sunka jeru, duk farar shadda, bayansu farin bango, Jamilatu a tsakiya da farin mayafi. Allon ya cika da fari. Janareta ya canza murya, ya kama gurnani kamar an ɗora mishi kaya.

Kuma a cikin farin nan, can sama ta hagu, daidai bisa kan wani abokin ango, sai ga wata inuwa. Doguwa ce, mai kusurwa huɗu, an raba ta gida-gida, da ɗan ƙaramin gida a ƙarshe. Ta dama kuma wani tambari ne dishi-dishi. Mai ɗaukar hoto ya juya, mutane sunka wuce, inuwar ba ta motsa ba. Ta hau kan ango. Ta hau kan Jamilatu. Ta zauna bisa goshin Gwaggo.

Na san ta tun kafin kowa ya yi magana. Na riƙe zanen Inna.

Baba ya nuna da carbi. "Wancan akwatin hwa, na mi ne?"

"Wane, Baba?"

"Wanda ke bisa kan Tani."

Gwaggo ta ce, "A bikin Jamilatu babu wani akwati."

Amiru ya share wuya da hankici. "Sabon samfuri ne, Baba. Haka suke zuwa daga kamfani. Alama ce ta cewa asali ce, ba jabu ba."

Kawu Wada ya miƙa wuya, ya ƙanƙance ido. Sai fuskarshi ta washe, irin ta wanda ya gamu da abokinshi a tashar wani gari.

"A'a, ai nan ne ake rubuta ci. Ga wurin sunan ƙungiya, ga wurin ɗayar, ga gidan minti can ƙarshe. Shekara nawa ina kallon kusurwar nan gabana na hwaɗuwa." Ya yi dariya ya dafa gwiwar Amiru. "Kai, har ta rumfarka haka take, sak. Ko labarai ka sa, akwatin na..."

Bai ƙarasa ba. Ya dubi allon, ya dubi Amiru, ya janye hannunshi a hankali ya sa cikin aljihu.

A faifai maroƙi na ta zuba kirari, a zaure zufa na bin bayan kowa. Gwaggo ta buɗe baki, na ga maganar ta taho da gudu, sai Baba ya ɗaga hannu kaɗan, ta haɗiye ta. Ban taɓa ganin an tsaida Gwaggo Tani da hannu guda ba.

Ni ba ƙaryar nike gani ba a lokacin. Rumfar nike gani, da kwaɗo, ranar Asabar, ranar da ta fi kowace kawo mutane. Ina ganin uwarshi a Isa tana jiran abin cefane. Ya ciro abin da ke ciyar da gidansu daga bango, ya goge shi, ya nemo kwali, ya rungumo shi bisa hanyar nan mai ramuka, don wata mata mai ruwan gora ta daina ce mishi ɗan ƙauye. Na so in fita in mare shi. Na so in fita in ba shi ruwa. Inna ta matse hannuna, wato kada in kuskura.

Janareta ya yi tari biyu ya mutu. Man da ke kai mu mako, ta shanye shi kafin a yanka kek ɗin Jamilatu. Allon ya koma baƙi, tabarmar ƙofa ta ɗan zame, haske ya shigo, sai ga mu duka a cikin gilashin: Gwaggo da fankarta, Kawu ya sunkuyar da kai, ni da rabin fuska a bayan Inna, da Amiru a tsaye da rimot a hannu, da hular da na ɗinka mishi.

Baba ya ja carbi guda, ya ja na biyu. Muryarshi ba ta da faɗa ko kaɗan, kuma shi ya fi ba ni tsoro.

"Amiru."

"Na'am, Baba."

"Sabuwa kam mun gan ta, Allah shi sa albarka. Ni sharaɗina rumfa ne." Ya dubi baƙin gilashin, ya dawo da ido kanshi. "Yau Asabar. Mi mutane ka kallo a Isa?"

Amiru ya buɗe baki. Tunda na san shi, ranar ce ta farko da ya buɗe shi babu abin da ya fito.